Wai A Sayar Da Reluwe Don Ba Ta Kawo Riba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu masu ilmin zamani na ƙasar nan, wadda na gaji da jinta ba tare da an mayar mata da martani ba. Da zarar an ta da zancen jirgin ƙasa, sai ka ga mutum ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce ai Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya rariya ce, kome aka zuba mata sai ya zurare. Gwamnati ta ci bashi ta shimfiɗa dogo, kuɗin tikiti kuwa ko ruwan bashin ba ya biya. Saboda haka a sayar wa 'yan kasuwa kowa ya huta. Ana faɗin haka a rediyo, ana rubutawa a jaridu, har a ɗakunan laccarmu ana maimaitawa kamar karatun allo. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai ƙanshin gaskiya a cikinta, shi ya sa ta fi ƙarya tsagwaronta haɗari. Ni dai ra'ayina shi ne, wanda ya auna amfanin reluwe da kuɗin tikiti ya ɗauko mudun da ba nata ba, wanda kuma ya ce a sayar da ita yana neman ya kai kasuwa abin da ba shi ya saya ba.

Bari mu fara da tambayar wa ya gina ta. A lokacin da Turawa suka fara shimfiɗa dogo daga Ikko, wanda ya isa Badun a 1901, jiragen ƙasa na can ƙasarsu Ingila duk a hannun kamfanoni suke, kuma su ne iyayengijin jari-hujja a duniyar wancan zamani. Amma da suka zo nan, gwamnatin mulkin mallaka ce ta yi aikin da kanta, da kuɗin baitulmali da na bashi. Haka aka yi da layin Baro zuwa Kano, wanda aka fara a 1907 zamanin Gwamna Girouard, ya shiga Kano a 1911. Ma'aikatar ayyuka ta gwamnati ce ta tsaya a kansa, leburorin kuwa talakawa ne, Nufawa da Gbagyi da Zazzagawa da Kanawa, waɗanda aka riƙa tarawa ta hannun sarakuna da hakimai, da yawansu ba da son ransu ba. Su suka sare daji, su suka ɗauki ƙasa a kwando bisa kawunansu, su suka fasa duwatsu. Daga nan aikin ya yi ta miƙewa: Fatakwal zuwa Inugu a 1916 saboda kwal, ya haɗu da Kaduna a 1927, Zariya zuwa Ƙauran Namoda a 1929, Kano zuwa Nguru a 1930, sai na ƙarshe wanda ya isa Maiduguri a 1964, bayan rancen Dala miliyan 28 da aka karɓa daga Bankin Duniya a 1958. Duka-duka kilomita 3,505 ke nan, kuma a cikinsu babu kilomita ɗaya da wani ɗan kasuwa ya shimfiɗa da jarinsa. To, dukiyar da aka tara da gumin kakanni da harajin iyaye, wane ne ke da ikon buga mata ƙararrawar gwanjo?

Na san za a ce mini, ai ba don Allah Turawa suka yi ba, don kwasar arziki suka yi. Gaskiya ne, kuma taswira ma ta isa shaida, domin kowane layi daga cikin ƙasa ya taso ya nufi bakin teku. Sakkwato ba ta samu ba, dogo ya tsaya a Ƙaura. Katsina da Yola ma haka suka ga wucewar zamanin. Amma a dubi abin da ya faru da jirgi ya iso Kano. Turawa sun sa rai auduga ce za ta cika taragai domin masaƙun ƙasarsu. Manoman Kano suka duba farashi, suka ga gyaɗa ta fi tsoka, tun daga daminar 1912 suka raja'a a kanta, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga sayenta. Kafin zuwan jirgi, wa zai ɗora buhun gyaɗa a kan jaki ya nufi bakin teku da shi? Kuɗin hanya ya ninka kuɗin kaya. Jirgi ne ya sa gyaɗar ta yi daraja, kuma wannan darajar ba a littafin akawun reluwe aka rubuta ta ba. Ta shiga aljihun manomi, ta shiga harajin En'e, daga baya ta shiga asusun Hukumar Ciniki wanda aka riƙa ɗiba ana ayyukan raya Jihar Arewa. (Af, dalar gyaɗar nan da muke alfahari da ita a hotuna, wani ɓangare na dalilin tsayinta shi ne reluwe ta kasa kwashe kayan da sauri, sai aka yi ta jibgewa ana jiran tarago. Ashe ƙarancin tarago tsohon ciwo ne.) Garuruwa irin su Kaduna da Kafanchan da Minna da Gusau da Funtuwa da Nguru, dogo ne ya haife su ko kuwa ya raine su. Mu masu nazarin harshe ma mun san sawun jirgi a bakinmu, gama tasha da tikiti da fasinja da lebura duk a wannan zamani suka samu gindin zama a Hausa.

Wannan shi ne mudun da ya kamata a auna reluwe da shi, watau abin da ta rage wa manomi na kuɗin kai kaya kasuwa, da abin da ta rage wa mai saye na tsada. Abin mamaki, masu neman riba daga dogo ba su taɓa neman riba daga kwalta ba. Hanyar mota ta Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano an ba da kwangilarta a ƙarshen 2017 a kan Naira biliyan 155, a 2021 aka faɗaɗa aikin ya koma Naira biliyan 797. Wa ya taɓa tambaya nawa hanyar ta kawo wa baitulmali? Ba wanda ya tambaya, kuma daidai ne kada a tambaya, domin kowa ya san amfaninta yana wajen masu bin ta. Daɗin daɗawa, a shekarar 2022 kaɗai gwamnati ta kashe fiye da Naira tiriliyan 4 wajen tallafin man fetur, kusan Dala biliyan 10 a canjin lokacin. Kwangilar da aka sa wa hannu a 2006 ta shimfiɗa sabon dogo tun daga Ikko har Kano, Dala biliyan 8.3 ce. Watau abin da aka ƙone a salansar motoci cikin wata 12 ya fi kuɗin layin da za a yi shekara 100 ana mora. Masu cewa reluwe rariya ce, ina suka shiga da lissafinsu a lokacin?

Sai kuma su ce, to mun ji, amma gwamnati ba ta iya riƙon sana'a ba, shi ya sa reluwe ta mutu. A nan ma tarihi bai goyi bayansu ba. An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa da dokar 1955. A 1964 ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Shekara 10 bayan haka, a 1974, fasinja sun koma miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuwa tan miliyan 1 da kaɗan. Mai dukiyar bai sake ba tsakanin shekarun nan biyu, gwamnati ce a farko, gwamnati ce a ƙarshe. Abin da ya sake shi ne halin da ƙasa ta shiga da inda gwamnati ta mai da fuskarta. Rikicin 1966 ya sa ƙwararrun ma'aikata da yawa 'yan Gabas suka bar tashoshin Arewa, yaƙin basasa ya katse layin Gabas har 1970, fari da cutar gyaɗa ta 1975 suka rushe dalar da ke cika taragai, sa'an nan kuɗin fetur ya zo, aka zuba shi a tituna da gadoji da sayen motoci, aka bar dogon da aka shimfiɗa tun zamanin Lugga da lanƙwashe-lanƙwashensa da tsofaffin kawunan jirgi. Dokin da aka hana harawa shekara da shekaru, in ya kasa sukuwa, laifin wa? Da aka kira Indiyawa na kamfanin RITES suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, aka sakar musu kuɗin kayan gyara, jirage sun farfaɗo. Su kuwa Indiyawan nan ma'aikatan kamfanin gwamnatinsu ne, gama reluwen Indiya ta gwamnati ce. Da suka tafi aka koma gidan jiya, har hukumar ta tsiyace a 1988. Ban ce ba a yi sata da sakaci a cikin hukumar ba, an yi, kuma zan zo kansu. Amma wanda ke cin moriyar mutuwar jirgi sananne ne, duk mai ido yana ganin jerin tireloli da tankoki a hanyar Jebba.

Bari kuma mu leƙa inda aka gwada maganin da suke rubuta mana. Ingila ta sayar da reluwenta tsakanin 1994 da 1997. Kamfanin da aka miƙa wa dogon ya durƙushe a 2001 bayan munanan haɗurra, aka karɓe dogon daga hannun masu hannun jari, a 2024 kuma majalisarsu ta yi dokar mai da jiragen fasinja hannun gwamnati ɗaya bayan ɗaya. Kenya da Yuganda sun ba wani kamfani jinginar layinsu a 2006, suka soke a 2017 ba tare da sun ga abin da aka yi musu alkawari ba. Zambiya ta ƙwace nata a 2012. Nan maƙwabtanmu Nijar, kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, aka yi biki, aka yi hotuna, amma layin bai shiga jigilar kasuwanci ba, ƙarafan suka kwanta cikin rairayi. Japan da suke yawan kawowa misali, da ta raba reluwenta a 1987 gwamnati ce ta ɗauke mafi yawan bashin a kanta, kuma kamfanonin tsibiran da ba su da cunkoson jama'a, da na jigilar kaya, ba su sami masu saye ba, suka zauna a hannun hukuma. Mu kanmu ai mun ɗanɗana. An miƙa kamfanonin rarraba wutar lantarki ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013, kowane ɗalibi da ke karatu da fitilar waya a ɗakin kwana ya isa ya ba da labarin sakamakon. Tsohon dogon ma an yi tayinsa: kamfanin General Electric na Amurka ya shiga maganar karɓar jinginarsa, a 2018 ya janye. Abin dariya a nan, kamfanin Sin da ke shimfiɗa mana sabon dogo na gwamnatin Sin ne, bankin da ke ba mu rancen ma na gwamnatinsu ne. Gwamnatin wasu ta iya gina reluwe har a ƙasar mutane, mu kuwa ana koya mana cewa wannan ba aikin gwamnati ba ne.

A ce ma yau an buga ƙararrawa, me mai saye zai ɗauka? Ɗan kasuwa ba wawa ba ne, kuma ban ga laifinsa ba. Zai zaɓi Abuja zuwa Kaduna da Ikko zuwa Badun, inda akwai masu kuɗin tikiti. Zai sa ido ƙwarai a kan filaye da gidajen reluwe da ke tsakiyar Kano da Zariya da Kaduna da Ikko, waɗanda a ganina su ne ainihin naman da ake wa wannan kallon. Nguru da Ƙauran Namoda da Gombe da Maiduguri kuwa, zai ce babu riba, a rufe. Ya ɗebe tsoka ya bar wa gwamnati ƙashi da bashi, mu kuma mu ci gaba da biya.

To, kada wani ya zaci na zo wanke gwamnati ne. Wallahi in da za a ba ni bulala, ita zan fi zane wa, domin ita ce ta ba masu gwanjo hujja. Tun daga kwangilar Dala miliyan 528 ta 1995 zamanin Abacha, zuwa ta 2006 wadda aka dakatar a 2008, an yi ta kashe kuɗi ba tare da an zauna an tambaya me ake so jirgin ya ɗauka ba. Ga abin da aka samu. Layin Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, an buɗe shi a 2016 a kan kimanin Dala miliyan 874, miliyan 500 daga ciki rancen Sin ne. Na Warri zuwa Itakpe, wanda aka fara tun 1987, sai a 2020 aka buɗe shi. Na Ikko zuwa Badun, kilomita 157, a 2021. Layi uku ke nan aka buɗe, babu wanda ya taɓa ɗan'uwansa, kamar an ɗinka wuya da hannu da aljihu an manta da jikin riga. Kuma sabon dogo faɗinsa milimita 1,435 ne, tsohon kuwa 1,067, saboda haka taragon wannan ba ya hawa wancan. Kwantenar da ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Apapa a kan sabon layi, a Badun za ta sauka ta hau tirela. An aza harsashin Kaduna zuwa Kano a 2021, haka ma Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, shekarar 2025 ta zo ba a gama ko ɗaya ba. Masu cewa na Maraɗi almubazzaranci ne ba su san cinikin da ke tsakanin Kano da Katsina da Maraɗi ba, wanda ya girmi iyakar da Turawa suka shata. Sai dai kuma mutanen Nijar teku suke nema, in layin bai sadu da tashar jirgin ruwa ba, za su ci gaba da bin Kwatano da Lome.

Babban kuskuren shi ne an fifita fasinja a kan kaya, fasinjan ma mai babbar riga. Jirgin Abuja ya cika maƙil ne saboda masu garkuwa da mutane sun hana manya bin hanyar mota, sai suka guje wa matsalar da ya kamata su magance suka shige tarago mai sanyi, 'yan kamasho kuma suka mai da tikiti abin ɓoyo. Matsalar ta biyo su ran 28 ga Maris 2022, aka dasa wa jirgin bom, aka kashe aƙalla mutum 8, aka tafi da fiye da 60 daji, na ƙarshensu sai a watan Oktoba suka ga gida, jirgi bai koma aiki ba sai Disamba. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu. A cikin watan Maris ɗin nan dai jirgin Ikko zuwa Badun ya tsaya da fasinja a tsakiyar daji saboda mai ya ƙare. A can kuma kan tsohon layi ɓarayi suna kwance ƙarafan dogo suna lodawa a tirela ana sayarwa 'yan gwangwan. Wannan duk abin kunya ne, amma maganinsa kora da ɗauri da binciken littafi ne, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya gagari gwamnatin da ta ga dama.

Ku dubi kuma abin da rashin jirgin kaya ke ja mana. Tirela ɗaya buhun siminti 600 take ɗauka, jirgi ɗaya mai tarago 20 kuwa zai kwashe lodin tirela 20 ko fiye, da direba ɗaya da mai kaɗan, bai fasa kwalta ba, bai tsaya a shingen karɓar na goro ba. Shanun da a da ake lodawa a tarago daga Nguru da Kano, sun koma kwana da kwanaki a tsaye cikin tirela, wasu su isa Kudu a mace. Tumatirin Kadawa yana ruɓewa a kwando kafin ya ga kasuwar Ikko. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024, dukansu an gina su ne bisa fatan jirgi zai riƙa kawo kwantena daga teku, tashar tsandaurin da ba jirgi kuwa sito ce kawai mai babban suna. Mafi muni shi ne fetur, wanda ake jigilarsa a tanka ta tsakiyar garuruwa. A Majiya ta Jihar Jigawa, a watan Oktoba na 2024, tanka ta faɗi ta kama wuta, fiye da mutum 150 suka halaka. Wata 3 bayan haka, a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, aka sake rasa mutane masu yawa ta wannan hanya. Mai lissafin riba da hasara ya gaya mini a wane shafi zai rubuta waɗannan rayuka.

Abin da nake kira a kai ba shi da wuyar ganewa, domin shi muke yi da hanyar mota tun fil azal. Dogo da gadoji da tashoshi da filaye su zauna mallakar jama'a, gwamnati ta kula da su da kuɗin jama'a ba tare da jin kunya ba. Tarago da kan jirgi kuwa, duk mai hali ya sayi nasa, mai siminti da mai takin zamani da ƙungiyar dillalan shanu da 'yan kasuwar hatsi ta Dawanau, ya biya kuɗin hawa dogo ya yi jigilarsa, kamar yadda mai gingimari ke bin titin da ba shi ya gina ba. Dokar 1955 da ta ba hukuma ita kaɗai ikon tafiyar da jirgi, nan ne wurin da ya cancanci gyara. Kuma a kowace shekara a buga wa jama'a lissafi a fili, tan nawa aka ɗauka, daga ina zuwa ina, nawa aka biya na bashi, nawa ya rage. Shugaban hukumar da ya zo da hoton yanka ƙyalle bai zo da yawan tan ba, a sallame shi.

A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa, wadda a da ta gwamnatin tarayya ce ita kaɗai. Ke nan gwamnoninmu na Arewa sun rasa uzurin cewa ba huruminsu ba ne. Tsorona shi ne kowannensu zai ruga ya ciwo bashi ya yi ɗan jirgin yawo a babban birninsa don a gani a ce ya yi, alhali ga tsohon dogo kwance daga Zariya zuwa Funtuwa zuwa Gusau zuwa Ƙaura, ga wani daga Kano zuwa Ringim zuwa Malam Madori zuwa Nguru, hanyarsu a share tun kusan shekara 100, ba a bukatar biyan kowa diyyar gona, kuma sun ratsa tsakiyar ƙasar masara da dawa da riɗi da shanu. Jihohin Kaduna da Katsina da Zamfara su haɗa hannu da gwamnatin tarayya a kan na farko, Kano da Jigawa da Yobe a kan na biyu, a tsare hanya, a canja ruɓaɓɓun katako da ƙarafan da aka sace, a sa jirgin kaya ko da sau biyu ne a mako, sa'an nan bayan kaka biyu a je kasuwar Funtuwa da ta Nguru a tambayi manoma nawa suke biya kafin buhu ya isa Ikko.